Dashiell Hammett: Jami'in Binciken da Ya Rubuta Littattafai Biyar Ya Yi Shiru

Tsakanin watan Fabrairu na 1929 da watan Janairu na 1934, wato cikin shekara biyar, wani Ba'amurke mai suna Dashiell Hammett ya fitar da littattafan ƙagaggun labarai guda biyar waɗanda suka sauya yadda ake rubuta labarin binciken laifi a Amurka, kuma tasirinsu ya bazu har ƙasashen da ba a taɓa jin sunansa ba. Bayan littafi na biyar ya ƙara shekara 27 a duniya, keken rubutunsa yana tare da shi duk inda ya koma, amma bai sake kammala ko littafi ɗaya ba. Duk mai son fahimtar mutumin nan sai ya fuskanci waɗannan abubuwa biyu, wato daga ina salon ya fito, kuma me ya rufe bakin mai shi. A ganina amsoshin suna haɗuwa a wuri ɗaya, wato a sana'ar da ya koya yana saurayi, wadda ta horar da shi a kan ya faɗi abin da idonsa ya gani kawai, sauran kuma ya bar shi a cikinsa.

An haifi Samuel Dashiell Hammett ranar 27 ga Mayu 1894 a gundumar St. Mary's ta jihar Maryland, ya kuma tashi a birnin Baltimore. Sunan Dashiell daga dangin mahaifiyarsa ya gaje shi. Bai kai shekara 15 ba ya bar makaranta saboda gidansu na buƙatar abin da zai samo, ya yi ta 'yan ayyuka irin na aike da lebaranci da akawu, babu wanda ya daɗe a kai. A 1915, yana da shekara 21, kamfanin bincike na Pinkerton ya ɗauke shi aiki a ofishinsa na Baltimore.

Sai an san irin kamfanin kafin a fahimci abin da ya biyo baya. Allan Pinkerton ne ya kafa shi a Chicago wajen 1850, tambarinsa kuma ido ne buɗaɗɗe da taken cewa su ba sa barci. A zamanin da gwamnatin tarayyar Amurka ba ta da wata hukumar 'yan sanda mai ƙarfi da ke ratsa jihohi, Pinkerton ne ke bin sawun 'yan fashin jiragen ƙasa da masu zamba a bankuna. Amma akwai wani ɓangare na aikin da ya ɓata wa kamfanin suna a wurin talakawa: masu masana'antu da mahaƙun ma'adinai suna hayar mutanensa domin su shiga cikin ƙungiyoyin ƙwadago su riƙa kai rahoto, ko su murƙushe yajin aiki da bindiga. Arangamar da aka yi a masana'antar ƙarfe ta Homestead a 1892, inda aka rasa rayuka a ɓangaren ma'aikata da na mutanen Pinkerton, ita ce ta fi shahara. Saboda haka jami'in Pinkerton ma'aikacin wanda ya biya ne, kuma ba kullum wanda ya biya yake da gaskiya ba.

Yawancin aikin ba shi da armashi. Tsayuwa ce a bakin titi na sa'o'i, da bin mutum a baya, da rubuta rahoto da dare. A ɗaya daga cikin gajerun labaransa Hammett ya sa jaruminsa ya jero ƙa'idoji huɗu na bin sawu: ka kasance a bayan mutumin gwargwadon iko, kada ka yi ƙoƙarin ɓuya, ka yi harkarka kamar kowa komai ya faru, kuma kada ka yarda ku haɗa ido. Rahoton da jami'i zai miƙa wa ofis shi ma yana da nasa tsarin, domin mai karɓa yana son ya ji ƙarfe nawa mutumin ya fito, wane gida ya shiga, da wa ya gana, me ya ce, ba ruwansa da abin da jami'in ya ji a ransa. Wanda ya yi shekaru yana irin wannan rubutu, in ya koma ƙaga labari, hannunsa ya riga ya saba da gajeriyar jimla wadda ba ta ɗauke da kwalliya.

Akwai labarin da ake yawan kawowa game da garin Butte na jihar Montana, garin haƙar tagulla da kamfanin Anaconda ya mallake. A daren 1 ga Agusta 1917 wasu mutane da suka rufe fuskokinsu suka fito da Frank Little, wani jagoran ƙungiyar ƙwadago, daga masaukinsa, suka rataye shi a gadar jirgin ƙasa, kuma ba a taɓa hukunta kowa a kai ba. Lillian Hellman, abokiyar zaman Hammett daga baya, ta rubuta cewa ya gaya mata an taɓa yi masa tayin dala 5,000 domin ya kashe mutumin ya ƙi. Masu rubuta tarihinsa da dama suna shakkar labarin, kuma Hammett mutum ne da ke ƙara wa tatsuniyoyin aikinsa gishiri. Abin da ba a jayayya a kai shi ne cewa Butte ta zauna masa a rai, domin ita ce ya sauya wa suna ya gina littafinsa na farko a kanta.

A 1918 ya shiga soja, aka tura shi sashen motocin ɗaukar marasa lafiya a wani sansani a Maryland, bai ko tsallaka teku ba. A nan annobar murar da ta game duniya a shekarar ta kama shi, ita ce dai wadda ta iso ƙasar Hausa kakanninmu suka kira ta marisuwa, ta kuma tayar masa da tarin fuka wanda bai rabu da illarsa ba har ƙarshen rayuwarsa. A wani asibiti a Tacoma ya haɗu da wata ma'aikaciyar jinya, Josephine Dolan, suka yi aure a San Francisco a watan Yuli na 1921, suka haifi 'ya'ya mata biyu. A farkon 1922 jiki ya ƙi, ya ajiye aikin Pinkerton. Dogon mutum ne ƙwarai, ga rama, ga iyali, ga 'yar fanshon soja da ba ta isa komai, kuma daga baya ma'aikatan lafiya suka ba da shawarar ya raba wurin kwana da matarsa da yaran saboda kada su kamu. Rubutu shi ne aikin da mai tari zai iya yi daga zaune. Ya taɓa rubuta tallace-tallace wa wani shagon kayan zinare da lu'ulu'u, har ciwon ya kayar da shi a can ma.

Kasuwar da ya samu ita ce ta mujallun araha da ake bugawa a kan takarda mara kyau, mai saurin komawa ruwan ƙasa, waɗanda leburori da direbobi ke saye su karanta su yar. Ana biyan marubuci da ƙidayar kalma, senti ɗaya ko biyu a kan kowace. Wadda ta ɗauke shi ita ce Black Mask, da H. L. Mencken da George Jean Nathan suka kafa a 1920 domin ta samo kuɗin da za su riƙe wata mujallarsu ta manyan 'yan boko. Labarinsa na farko a ciki ya fito a watan Disamba na 1922 da sunan aro, Peter Collinson.

A lokacin labarin bincike ya riga ya yi shekara 80 da kafuwa. Edgar Allan Poe ne ya aza harsashinsa a 1841, Arthur Conan Doyle ya ɗaukaka shi da Sherlock Holmes daga 1887, Agatha Christie kuma ta shigo a 1920. Tsarin da aka saba shi ne na wasa ƙwaƙwalwa: an tsinci gawa a wani katafaren gidan masu hali, akwai mutum shida ko bakwai da ake zargi, sai wani haziƙi wanda ba da sana'ar yake ci ba ya tara su a falo ya warware ƙullin, kowa ya koma harkarsa duniya ta daidaita. Hammett, wanda ya yi aikin da ƙafarsa, yana ganin abin wasan yara ne. Da ya samu damar sharhin littattafai a jaridu ya riƙa jero kurakuran marubutan, misali cewa wanda aka buga wa abu a ka ya suma ba ya jin bugun, kuma da wuya a samu zanen yatsa mai amfani a fatar mutum. Ban da haka, Amurkar da yake gani ta taga ba ta yi kama da falon masu hali ba. Dokar haramta giya da ta yi aiki daga 1920 zuwa 1933 ta mayar da fasa-ƙwauri babbar sana'a, kuɗin kuma ya sayi 'yan sanda da alƙalai da magadan gari.

A watan Oktoba na 1923 ya fito da jarumin da ya dace da wannan duniyar: gajeren mutum mai jiki, wanda ya manyanta, ma'aikacin wani kamfanin bincike mai suna Continental, sunan da Hammett ya aro daga ginin da ofishin Pinkerton yake a Baltimore. Ba a taɓa faɗin sunan mutumin ba a duk labaran, ba shi da mata, ba shi da abin sha'awa in ban da aikin, kuma shi yake ba da labarin da bakinsa kamar mai rubuta rahoto. Da Joseph Shaw ya karɓi ragamar mujallar a 1926 ya mayar da Hammett abin koyi ga sauran marubutansa, ya kuma matsa masa ya riƙa rubuta dogayen labarai da za a iya haɗawa su zama littafi.

Na farkonsu shi ne Red Harvest, wato jan girbi. Wani tsohon attajiri mai mahaƙar ma'adinai ya shigo da 'yan bindiga su karya yajin aiki, suka karya, sannan suka ƙi tafiya, suka raba garin a tsakaninsu har da ofishin 'yan sanda. Ɗan attajirin, wanda ke riƙe da jaridar garin, ya kira jami'in Continental, amma aka kashe shi kafin su gana. Jami'in ya gano wanda ya yi kisan tun littafin bai yi nisa ba, abin da a tsohon tsari shi ne ƙarshen magana. Sauran littafin kuwa labarin yadda ya haɗa gungun 'yan daban faɗa ne, ya kai wa wannan ƙarya ya kai wa wancan rabin gaskiya, har suka ƙarar da juna. Abin da ya ɗaga littafin sama da tarin gawarwakin da ke cikinsa shi ne jami'in da kansa ya lura cewa ya fara jin daɗin zubar da jinin, ya kuma furta haka. A ƙarshe an miƙa garin ga sojojin jiha, attajirin da ya jawo masifar yana nan da dukiyarsa, kuma jami'in bai ɓoye cewa garin zai sake lalacewa ba. Mai karatu ya rufe littafin ba tare da an sanyaya masa rai ba.

Kamfanin Alfred A. Knopf na New York, wanda ya saba buga manyan marubuta, shi ya karɓi littafin. A wasiƙar da Hammett ya aika wa Blanche Knopf a 1928 ya nuna cewa yana cikin 'yan kaɗan da suka ɗauki labarin bincike da muhimmanci, kuma yana fatan ya zama wanda zai mayar da shi adabi na sosai. Littafi na biyu, The Dain Curse, da ya fito a 1929 ɗin, bai kai na farko ba, kuma shi ma mai shi bai ɗauke shi da daraja ba daga baya.

Na uku, The Maltese Falcon na 1930, shi ne wanda ya tsayar da sunansa. Ya rubuta shi a wani ƙaramin ɗaki a titin Post a San Francisco, ya kuma ba jarumin sunansa na yanka, Sam, wato Sam Spade. Labarin a kan wani gunkin shaho ne da aka ce na zinare ne da duwatsu masu daraja, wanda mayaƙan tsibirin Malta suka ƙera domin sarkin Sifaniya a ƙarni na 16, kuma wasu 'yan damfara suka yi shekaru suna bin sa daga ƙasa zuwa ƙasa suna kashe juna. Da gunkin ya zo hannu aka kankare baƙin fentin, sai ga dalma.

Sabon abin da Hammett ya yi a nan shi ne ya rufe ƙofar zuciyar kowa, har da ta jarumin. Babu jimla ɗaya a littafin da ta ce Spade ya yi tunanin kaza ko ya ji kaza. A babi na biyu waya ta yi ƙara cikin duhu da misalin ƙarfe biyu na dare, aka gaya masa an harbe abokin sana'arsa Miles Archer. Wani marubucin zai cika shafi da baƙin ciki ko nadama, musamman da yake Spade yana neman matar mamacin. Hammett sai ya tsaya a kan hannayen mutumin: yadda ya ɗauko takardar taba, ya zuba garin taba a kai, ya daidaita shi da yatsa, ya naɗe, ya lasa gefen, ya murɗe baki ɗaya, ya kunna. Natsuwar yatsun za ta iya zama ta mutumin da bai damu ba, za ta kuma iya zama ta wanda yake danne abin da ke cinsa, kuma marubucin ya ƙi raba gardamar. Haka mai karatu ya koma shi ne mai bin sawu, yana bayan Spade yana ƙoƙarin gane shi daga motsinsa.

Wuri ɗaya ne Spade ya yi doguwar magana da ba ta shafi binciken ba, inda ya ba Brigid O'Shaughnessy, matar da ta kawo masa aikin, labarin wani mutum mai suna Flitcraft. Mutumin kirki ne a Tacoma, da mata da 'ya'ya da sana'a mai kyau. Wata rana yana tafiya cin abincin rana sai wani ƙarfen gini ya faɗo daga sama ya dira dab da shi, ɓarɓashin daɓen titi ya ɗan yanke shi a kumatu. A take ya ga cewa rayuwar da ya tsara da kyau ba ta da wani tabbaci, sai ya ɓace bai ko koma gida ba. Bayan 'yan shekaru aka same shi a Spokane da sabon suna, ya auri mace irin ta farko, yana zaune irin zaman da ya gudu ya bari. Ya saba da faɗowar ƙarfe, da ƙarfen ya daina faɗowa kuma ya saba da rashin faɗowarsa. Masu nazari sun yi ta fassara wannan ɗan labari, amma a cikin littafin gargaɗi ne da matar ba ta gane ba: mutum yana komawa ga halinsa, kuma halin Spade shi ne na mai bincike. A ƙarshe ya gano ita ce ta kashe Archer, ya kuma miƙa ta ga 'yan sanda duk da yiwuwar yana sonta, da hujjar cewa in an kashe abokin sana'arka wajibi ne ka yi wani abu, ko kana ƙaunarsa ko ba ka ƙaunarsa. A yau akwai allon tagulla a lungun Burritt na San Francisco da ke nuna inda aka yi wannan kisan da bai taɓa faruwa ba, har da sunan wadda ta yi shi, abin da ke ɓata wa duk baƙon da bai karanta littafin ba.

The Glass Key na 1931, wanda shi Hammett ya fi so, labarin wani ɗan caca ne da ubangidansa ɗan siyasa mai juya gari, kuma batunsa amana ce tsakanin maza biyu da yadda take karyewa. Zuwa lokacin Hollywood ta kira shi. A can ya haɗu da Lillian Hellman a ƙarshen 1930, suka yi shekara 30 suna rabuwa suna komawa ba tare da aure ba. Littafi na biyar, The Thin Man na 1934, ya sha bamban da sauran: wani tsohon mai bincike ne, Nick Charles, da ya auri mai dukiya, Nora, ya bar aiki, ba ya komai sai shan giya da barkwanci, ana jan sa zuwa bincike yana nonnoƙewa. Mutane sun karɓe shi a matsayin abin dariya, kamfanin MGM ya yi fim da shi a shekarar da William Powell da Myrna Loy, aka ci gaba har fina-finai shida. Wanda ya san abin da ya biyo baya kuwa zai ga marubucin ne yake zana kansa.

Dalilan shirun suna da yawa kuma suna cuɗe da juna. Kuɗi ya shigo ta fina-finai da rediyo, har da wani labarin zane na jarida da ya fara rubutawa a 1934, saboda haka yunwar da ta sa shi rubutu ta kau, shi kuma ya riƙa watsa kuɗin a otal-otal da mata da kyauta. Giya ta kama shi sosai, har ya kwanta asibiti fiye da sau ɗaya, kuma ba ta bar shi da kyakkyawan hali ba: a 1932 kotu ta ci shi diyyar dala 2,500 bayan wata 'yar fim ta kai ƙarar ya ci zarafinta. Wani ƙarfin nasa ya tafi ga rubutun Hellman, domin shi ya nuna mata shari'ar da ta gina wasan kwaikwayonta na farko a kai, ya kuma riƙa gyara mata ba sani ba sabo. Amma dalilin da na fi ba nauyi na cikin sana'ar ne. Yana so ya rubuta littafin da ba na bincike ba, irin wanda zai sa a jera shi da manyan marubutan Amurka irin su Hemingway da Faulkner, alhali irin wannan littafin yana buƙatar marubuci ya buɗe cikin mutum, shi kuwa duk gwanintarsa a kan rufewa aka gina ta. A wata hira da ya yi a ƙarshen rayuwarsa ya ce ya daina ne da ya ga yana maimaita kansa, kuma ranar da marubuci ya gane yana da salo, ranar ƙarshensa ya fara.

Shi ya yi shiru, amma abin da ya shuka ya ci gaba da yaɗo. Fim ɗin da John Huston ya yi da The Maltese Falcon a 1941, wanda Humphrey Bogart ya fito a Spade, shi ne karo na uku da aka mayar da littafin fim, kuma ana lissafa shi cikin waɗanda suka buɗe babin fina-finan laifi masu duhu na Amurka. Raymond Chandler, wanda shi ma daga Black Mask ya taso, ya rubuta a 1944 cewa Hammett ya mayar da kisan kai hannun irin mutanen da ke aikata shi da dalili, ya kuma sa su magana da harshen da suke magana da shi. Mai karatu a Najeriya da ya taso yana musayar littattafan James Hadley Chase a makarantar kwana ya ɗanɗani wannan salon ta bayan gida, domin Chase Bature ne ɗan Ingila da ya kwaikwayi marubutan laifi na Amurka ya kuma sa yawancin labaransa a can.

A tsakiyar shekarun 1930 Hammett ya karkata ga siyasar gurguzu, ya goyi bayan 'yan jamhuriya a yaƙin basasar Sifaniya, ya kuma tsaya tare da jam'iyyar kwaminis ta Amurka har a lokutan da matsayinta game da Stalin ya sa wasu abokansa suka ja da baya, abin da ba ya cikin abubuwan da za a yaba masa. A 1942, yana da shekara 48 da tabon tarin fuka a huhu, ya nace sai da soja suka sake ɗaukarsa. Aka kai shi tsibirin Adak a yankin Alaska, wuri mai sanyi da iska, inda ya shirya wa sojoji jarida, ya kuma sa baƙaƙen fata cikin ma'aikatanta a lokacin da rundunar Amurka ke ware su. Ya dawo a 1945 da sabon ciwon huhu. A 1948 likita ya gaya masa giya za ta kashe shi cikin 'yan watanni, ya ce ya bari, kuma ya bari.

Bayan yaƙin ya shugabanci reshen New York na wata ƙungiyar kare haƙƙi mai suna Civil Rights Congress, yana kuma cikin amintattun asusun da ƙungiyar ta kafa domin belin waɗanda aka kama saboda siyasa. A 1949 asusun ya ajiye dala 260,000 belin shugabannin jam'iyyar kwaminis 11 da aka samu da laifi a ƙarƙashin dokar Smith, wadda ta haramta kira ga kifar da gwamnati da ƙarfi. Da kotun ƙoli ta tabbatar da hukuncin a 1951, huɗu daga cikinsu suka gudu. Ranar 9 ga Yuli aka kira Hammett gaban alƙali Sylvester Ryan, aka nemi ya faɗi sunayen mutanen da suka zuba kuɗi a asusun. A wancan yanayi, fitowar sunan mutum a irin wannan jerin ta isa ta raba shi da aikinsa. Tambaya bayan tambaya yana ba da amsa ɗaya, cewa ya ƙi amsawa bisa kariyar da gyara na biyar na kundin tsarin mulki ya ba shi ta ƙin faɗin abin da za a iya kama shi da shi, har aka nuna masa takardun asusun aka tambaye shi ko hannunsa ne a kai, nan ma ya ƙi. Alƙalin ya ɗaure shi wata shida saboda raina kotu. Hellman ta ce bai ma san sunayen ba, ta roƙe shi ya faɗi haka ya huta, ya ƙi, domin a ganinsa ba hurumin ɗan sanda ko alƙali ba ne su tambaye shi. Cikin waɗanda aka ɗaure a kan wannan magana akwai Alphaeus Hunton, baƙar fata masani, wanda daga baya ya koma Gana ya yi aiki da W. E. B. Du Bois, masani mai fafutukar haƙƙin baƙaƙen fatar Amurka, a zamanin Nkrumah.

Hammett ya yi yawancin zaman a gidan yarin tarayya na Ashland a jihar Kentucky, inda aka ba shi aikin wanke bayan gida, ya fito a watan Disamba yana da shekara 57, jikinsa ya gama lalacewa. A waje kuma ya tarar an soke shirin rediyon Sam Spade, littattafansa sun ɓace daga kasuwa, hukumar haraji tana bin sa fiye da dala 100,000 ta kuma ɗora hannu a kan duk abin da zai shigo masa. A watan Maris na 1953 Sanata Joseph McCarthy ya kira shi gaban kwamitinsa a kan littattafan 'yan gurguzu da ke ɗakunan karatun da gwamnatin Amurka ta buɗe a ƙasashen waje. Sanatan ya tambaye shi, in da shi ne ke kashe kuɗin jama'a wajen yaƙar kwaminisanci, zai sayi littattafan irinsu ya jera? Hammett ya amsa cewa in da shi ke wannan yaƙin, ba ya jin zai bar mutane su karanta kowane littafi ma. Aka kwashe littattafansa daga ɗakunan karatun, sai da Shugaba Eisenhower ya ce shi bai ga dalilin cire su ba aka mayar.

Shekarunsa na ƙarshe ya yi su a wani ɗan gida da abokai suka ba shi aro a Katonah, arewa da New York, cikin tarin jaridu da wasiƙun da bai buɗe ba. Bugun zuciya ya same shi a 1955, daga baya Hellman ta ɗauke shi zuwa gidanta. Rubutun da ya bari bai ƙarasa ba, mai suna Tulip, labarin wani marubuci ne da ya fito daga kurkuku, da wani tsohon abokinsa na soja da ya zo yana matsa masa ya rubuta rayuwarsu, shi kuma yana kaucewa. Hammett ya rasu ranar 10 ga Janairu 1961 a asibitin Lenox Hill na New York, sakamakon ciwon dajin huhu, yana da shekara 66. Da yake ya yi wa ƙasar soja a yaƙin duniya na ɗaya da na biyu, an binne shi a maƙabartar sojoji ta Arlington, kusa da birnin Washington.